Kafin mu ce "na bar wa Allah", mu san abin da muke bari

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a daure a bi ni a hankali.

Damina ta kankama, kuma duk wanda ya kwana biyu a Zariya ya san irin labaran da ke biyo bayanta. Katanga ta faɗa wa yara suna barci. Wayar wuta ta tsinke ta kwanta cikin ruwa a bakin hanya. Yaro ya zurma ramin da wani ya haƙa ya bari a buɗe. Sai mu je jana'iza ko dubiya, a ce ƙaddara ce, mai abin ya ce ya bar wa Allah, a shafa fatiha a watse. Baɗi war haka a sake maimaitawa.

Ni ban ja da ƙaddara ba, babu Musulmin da zai ja. Abin da ke damuna shi ne tambayar da muke jin nauyin yi: wa ya bar ramin nan a buɗe, kuma wa zai biya kuɗin ɗorin ƙafar yaron?

Ni ba lauya ba ne, ma'aikacin gwamnati ne. Harkar gudanar da mulki na karanta a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke maƙwabtaka da mu nan Tudun Wada, inda tsangayar koyon aikin lauya take. Yanzu kuma 'yar ƙanwata tana aji uku a wannan tsangayar, a gidana take zaune. A bana ne suke karanta fannin da suke kira tot, wato dokar ɓarna da diyya: idan wani ya cutar da kai a jikinka, ko dukiyarka, ko mutuncinka, ba tare da wata yarjejeniya tsakaninku ba, me doka ta ba ka? Kullum tana haddar sunayen shari'o'in Turawa kamar mai tilawa, ni kuma ina tambayarta labarin da ke bayan kowane suna. Da na saurara da kyau sai na ga ai zancen unguwarmu ake yi.

Shari'ar da suke farawa da ita ta wata mata ce mai suna May Donoghue. A watan Agustan 1928, a garin Paisley na ƙasar Sikotilan, an saya mata lemon citta a wani shagon shan shayi. Kwalbar mai duhu ce, ba a ganin abin da ke ciki. Ta sha wani, da aka tsiyaye ragowar sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi, in ji ta. Ta kwanta ciwon ciki. To matsalar ita ce ba ita ta biya kuɗin ba, saboda haka babu ciniki tsakaninta da mai shago, balle mai kamfanin, David Stevenson. A fahimtar lauyoyin wancan lokacin ba ta da bakin magana. Matar nan talaka ce tilis, har sai da aka rubuta ta cikin marasa galihu kafin ta iya kai ƙarar gaba. Amma ta kai ta har Majalisar Iyayen Ƙasa ta Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin. A 1932 alƙalai uku cikin biyar suka ba ta gaskiya a kan ƙa'ida. Ɗaya daga cikinsu, Lord Atkin, ya kafa abin da ake kira ƙa'idar maƙwabci. Ma'anarta a taƙaice: duk wanda hankali zai nuna maka cewa aikinka ko sakacinka zai iya shafarsa kai tsaye, to maƙwabcinka ne a idon doka, kuma wajibi ne ka kula kada ka cutar da shi, ko ka san shi ko ba ka san shi ba.

Daga nan ne aka fitar da abubuwa huɗu da mai ƙarar sakaci zai tabbatar. Na farko, akwai nauyin kulawa a wuyan wanda ake ƙara. Na biyu, ya kasa sauke nauyin kamar yadda mutum mai hankali zai yi a matsayinsa. Na uku, kasawar tasa ce ta jawo abin. Na huɗu, an yi asara ta gaske, ba zato ba. Ku lura babu maganar niyya a ciki. "Ai ban yi da gangan ba" ba ta fitar da mutum.

Kada wani ya ce wannan na Turawa ne. Kotunan Nijeriya sun ɗauki ƙa'idar tun tuni. A 1973 wata mata mai suna Osemobor ta ci karo da ruɓaɓɓen haƙori a cikin biskit, ta kai kamfanin Niger Biscuit ƙara, ta yi nasara. A 2008 Kotun Ƙoli ta ba wani mutum mai suna Okwejiminor gaskiya a kan kamfanin Nigerian Bottling Company, bayan ya tarar da mataccen kyankyaso a kwalbar Fanta da ya riga ya sha. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta taɓa soke nasararsa, bai haƙura ba, ya wuce gaba. Mu nan fa? Ka ga ƙazanta a ledar ruwa ko a burodi, iyaka ka yi tsaki ka jefar, gobe wani ya saya wa ɗansa.

Shari'a ta biyu ta fi waccan tsufa. A 1863 wani mutum, Byrne, yana tafiya a kan titi a Liverpool sai gangar fulawa ta faɗo masa daga tagar benen wani ɗan kasuwa, Boadle. Bai ga wanda ya sake ta ba, ba shi da shaidar yadda aka yi. Kotu ta ce ganga ba ta tashi sama da kanta ta faɗo. Abin da ya faru shi kansa shaida ne, mai sito shi zai zo ya yi bayanin yadda aka yi ba da sakacinsa ba. Wannan ƙa'idar ta talaka ce, don shi ba ya shiga cikin kamfani balle ya san inda aka yi kuskure.

Ta uku ita ce ta Rylands da Fletcher, 1868. Mai masaƙa ya sa an gina masa tafkin tara ruwa a filinsa, ruwan ya ɓalle ta tsofaffin ramuka ya cika mahaƙar kwal ta maƙwabcinsa. Hukuncin shi ne: in ka kawo abu mai haɗari ka tara a wurinka don amfanin kanka, ya kuɓuce ya yi wa wani ɓarna, za ka biya ko da kai kanka ba ka yi sakaci ba. Da wannan ƙa'idar Kotun Ƙolin Nijeriya ta kama kamfanin Shell-BP a shari'ar Umudje a 1975, lokacin da dattin ɗanyen mai ya malalo daga raminsu ya kashe kifin mutane. A 1992 kuma Kotun Ƙoli ta ɗora wa hukumar NEPA alhakin gobarar da ta tashi daga taransifomarta ta cinye masana'antar yankan katako ta wani mai suna Alli a Ijebu-Ode. NEPA guda, wadda a lokacin muke ganin ba mai iya taɓa ta.

Ku riƙe wannan shari'a ta Alli, sannan ku tuna Gwargwaje. A farkon Janairun 2023, cikin dare, babbar wayar wuta ta tsinke ta faɗa kan ƙaramar da ke kai wuta gidaje. Wuta mai ƙarfi ta shiga ɗakunan mutane, aka rasa rayuka, wasu suka ji rauni, kayayyaki suka ƙone. Kamfanin rarraba wutar da kansa ya fitar da sanarwa yana bayanin tsinkewar wayar. Ba ni ne alƙali ba, kuma ba hukunci nake yankewa ba. Amma ɗalibar aji uku ta san tambayoyin da doka ke yi a irin wannan: wa ke da wayar? Yaushe aka duba ta? Akwai na'urar da ya kamata ta katse wutar nan take, ta yi aiki? Tambayoyin nan ba rashin tawakkali ba ne. Su ne ke sa a gyara wayar da ke bisa kan gidanka kai ma.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mutanenmu da yawa suna ɗauka neman diyya ɗabi'ar Nasara ce, Musulmin kirki haƙuri yake yi. Alhali littattafan da muka karanta a zaure cike suke da wannan babin, malamai suna kiransa lamuni. Alƙur'ani ya wajabta diyya a kisan kuskure, wato inda babu niyya ko kaɗan, sannan ya bar wa iyalan mamaci zaɓin su yafe. Malamai suka ƙiyasta ta da raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya. A Suratul Anbiya akwai labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, tsira da aminci su tabbata a gare su, suna hukunci a kan tumakin da suka shiga gonar mutane da dare. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hukuncin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta yi ɓarna a wani lambu: tsaron gona da rana na mai gona ne, ɓarnar dare kuwa mai dabba zai biya. Risala, wadda kusan kowane almajirin ilimi a Zariya ya bi ta kanta, ta ɗora wa mahayi da mai ja da mai kora alhakin abin da dabbarsu ta taka. A mazhabarmu ta Malikiyya ma tela da marini suna lamunin kayan da aka ba su in ya salwanta a hannunsu. To in mahayin jaki yana da alhaki, ina ga direban tirela?

Ku dubi yadda aka jera abin: haƙƙi ya fara tabbata, sannan yafiya ta biyo. Wanda ya san ana bin sa diyya, aka ce masa an yafe, zai ji nauyin abin har ya mutu. Wanda kuwa tun farko aka ce masa ƙaddara ce, ba ruwanka, me zai hana shi sakewa?

Ga misali daga layinmu, ba zan kama suna ba. Shekarun baya wani mai hali yana gini, aka haƙa ramin masai a wajen katangarsa, rabi a cikin hanya, aka bar shi sati biyu ba murfi. Aka yi ruwan dare, rami ya cika ya saje da ƙasa. Da safe ɗan wani tela, mai shekara bakwai, yana tafiya makarantar allo ya zurma. Allah ya kiyaye ransa, amma cinya ta karye. Dattawa suka taru a zaure. Mai ginin ya zo ya jajanta, ya ajiye ɗan abin da ya kira kuɗin sabulu. Wani dattijo ya dubi telan ya ce, "Malam, a yi haƙuri, Alhaji maƙwabcinka ne, kada a ji ku a waje." Telan ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai Baba, na bar wa Allah." Bayan wata biyu ya sayar da keken ɗinkinsa ɗaya don biyan kuɗin asibiti. Da na ba 'yar ƙanwata labarin sai ta ce, "Kawu, ai wannan ko a jarrabawa aka kawo shi, kyauta ce aka ba mu." Duk sharuɗɗan nan huɗu sun cika. A fiƙihu ma wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a ba da izini ba, shi ke da lamunin abin da ya faɗa ciki. Boko da zaure sun haɗu a kan magana ɗaya, amma telan ne ya biya. Kuma abin da ya faɗa a zauren nan ba yafiya ba ce ta mai zaɓi. Kunya ce da rashin sani da tsoron mai kuɗi, muka taru muka sa musu sunan haƙuri.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Shari'a a ƙasar nan tana cin kuɗi da shekaru. Mutanen Kano shaida ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Sai a 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yarda a saurari ƙarar iyayen, a shekarar ne kuma aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Shekara 15 ke nan. Wannan ba ƙaramin jira ba ne. Amma ku tambayi kanku, da kowa ya yi shiru fa?

Wasu kuma za su ce ƙara tana ɓata zumunci, ba ma son mu koma al'ummar da ɗan'uwa ke maka ɗan'uwansa a kotu a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ni ma ba na so. Ba cewa nake kowace magana a kai ta gaban alƙali ba. Yawancin rigingimun nan a zauren mai unguwa ya kamata su ƙare. Sai dai sulhun da aka yi bayan kowa ya san haƙƙinsa daban yake da wanda aka yi don a rufe bakin mai rauni. Da dattawan nan sun ce, "Alhaji, kuɗin magani a wuyanka yake, sauran kuma tsakaninku," da zumunci bai ɓaci ba, da keken ɗinki yana nan. Kuma dokar ba ta zaluntar wanda ake ƙara. In wanda aka cuta shi ma ya yi nasa gangancin, kamar ɗan acaɓan da ya bi hannun da ba nasa ba, ana rage diyyar gwargwadon laifinsa.

Shekaruna a aikin gwamnati sun koya mini abu ɗaya game da fayil. Takardar koken da ta zo da "muna roƙo a taimaka" takan samu sa hannu ɗaya, a ce a ajiye tukuna, ta yi ƙura. Ranar da takardar lauya ko sammaci ya iso kuwa, fayil ɗin nan ƙafafu yake fitarwa, kafin azahar ya zaga ofis huɗu. Ba don ma'aikata mugaye ba ne. Kowace hukuma tana fara gyara abin da zai ja mata asara ne. Inda ran mutum ba ya jawo wa kowa asarar ko sisi, gyaransa ne ke zuwa ƙarshe a kasafin kuɗi.

Saboda haka ga 'yan abubuwa da ya kamata kowane magidanci ya sani.

Lokaci yana kashe ƙara. A ƙarƙashin dokar tarayya mai kare jami'an gwamnati, wata uku kacal gare ka ka shigar da ƙara a kan jami'i ko hukuma bisa abin da suka yi a bakin aiki, sai a wasu 'yan yanayi da kotuna suka keɓe. Mu kuwa kafin a yi sadakar arba'in a gama karɓar gaisuwa, rabin wa'adin ya tafi. A nemi shawarar lauya da wuri, ko da daga baya za a yafe.

A ajiye shaida. Hoton wurin a ranar, katin asibiti, rasit ɗin magani, sunayen waɗanda suka gani. Wayar da ke hannunka ta isa.

In direban kamfani ko na wani mai mota ya buge ka yana bakin aikinsa, ba shi kaɗai ake bi ba, har da ubangidansa. Kada a tsaya a kan yaron mota wanda ba shi da ko kuɗin belin kansa.

Takardar inshorar da muke yanka don gudun 'yan sanda, an yi ta ne domin wanda aka buge. Tun Janairun 2023 kuɗinta ga ƙaramar mota ta gida ya koma naira 15,000 daga 5,000, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har ta naira miliyan 3, ban da rauni ko rasa rai. Amma sai in ta gaske ce, ba ta bakin tasha ba.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976, kuma ƙarar haɗari tana cikin abin da dokarta ta ba ta damar taimakawa a kai.

Ku kuma ƙannenmu da 'ya'yanmu na Kongo, musamman masu zama a ɗakunan haya na Tudun Wada da Gyallesu, ga saƙona. Sunayen nan da kuke haddacewa mutane ne irin maƙwabtanku: mace mai fama da talauci, mai tafiya a ƙasa, mai injin katako. Kada ku bar su a takardar jarrabawa. Ku koyi faɗin ƙa'idar maƙwabci da Hausar da mai shayi zai gane. Ku haɗa ta da babin lamuni da ake koyarwa a cibiyar nazarin shari'ar Musulunci da ke harabarku, don dattijon zaure ya fi saurin sauraron abin da ya san asalinsa. Malamanmu masu wa'azi su ma, yadda ake yi mana huɗubar falalar haƙuri, a riƙa haɗawa da ta alhakin wanda ya jawo cutar.

Mu kanmu kuma kowa ya duba gidansa tun ruwa bai yi nisa ba: katangar da ta tsage, rijiyar da ba murfi, wayar da aka ja ta kan kwanon maƙwabci, kwatar da muka juya ta bi ta gindin ginin wani. Dokar nan da ke ba mu haƙƙi a kan wasu, ita ce ke ba wasu haƙƙi a kanmu.

Wanda ya san haƙƙinsa ya yafe, Allah ya ba shi lada ninkin-ba-ninkin. Wanda ya ce a biya shi, bai yi laifi ba, kada a zarge shi. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa mu ga ƙarshen daminar nan lafiya. Amin.